Kundin aiki: enzayimomin da ke gyara furotin a jikin soson teku

14 ga Janairu, 2025

Abin da na sa gaba shi ne in tattara enzayimomin da ke gyara furotin a jikin soson teku, in jera su kusa da na sauran dabbobi da na halittu masu sel ɗaya, in ga wanne ne gadon kaka da kakanni, wanne ne ya zo daga baya. Aikin duk na kwamfuta ne, a kan jinom, wato cikakken jerin DNA na halitta, da masu bincike suka saki ga kowa.

Ga wanda bai saba da fagen ba: furotin ɗin da ya fito daga ribosom, injin da sel ke ƙera furotin da shi, bai gama zama ba tukuna. Wani enzayim zai manna masa fosfet, shi ne kinas. Wani zai ɓamɓare fosfet ɗin, shi ne fosfatas. Wani ya rataya masa wani ƙaramin furotin, yubikwitin, don a kai shi inda za a niƙe shi, wani kuma ya datse masa kai ko wutsiya. Da irin waɗannan gyare-gyare sel yake kunna furotin, ya kashe shi, ya sauya masa mazauni. Kan mannawa da cire fosfet Edmond Fischer da Edwin Krebs suka ci kyautar Nobel a 1992. Ɗan Adam yana da kinas 518 bisa ƙidayar 2002, kuma 90 daga cikinsu a kan amino asid ɗin tirosin suke aiki.

Me ya sa soso? Dabba ce da ba ta da jijiyar saƙo, ba tsoka, ba hanji. Tana maƙale a ƙasan ruwa tana tace abinci ta ramukan jikinta. Amma reshenta ya rabu da namu fiye da shekara miliyan 600 da suka wuce, don haka duk abin da muka yi tarayya da ita a kai, mai yiwuwa kakan dabbobi na farko-farko yana da shi.

Na ɗauki wakili daga kowane aji huɗu na soso. Daga Demospongiae akwai Amphimedon queenslandica na tekun Ostareliya, wanda jinom ɗinsa ya fito a 2010, da Ephydatia muelleri na ruwan daɗi. Sycon ciliatum ya tsaya wa Calcarea, Oscarella pearsei ya tsaya wa Homoscleromorpha, Aphrocallistes vastus kuma ya tsaya wa soson gilashi. A gefe na ajiye Monosiga brevicollis da Salpingoeca rosetta da Capsaspora owczarzaki, masu sel ɗaya da suka fi kowa kusanci da dabbobi. Sai dabbobin teku uku masu sauƙin jiki, Mnemiopsis da Trichoplax da Nematostella, da kuma mutum.

22 ga Janairu, 2025

An yi zagayen farko na neman kinas da HMMER, manhajar da ke zaƙulo furotin masu kama da wani samfuri, da samfuran kinas biyu daga rumbun Pfam, PF00069 da PF07714. Jerin da ya fito dogo ne, kuma ba zan rubuta adadinsa a nan ba, domin bai cancanci a kira shi sakamako ba tukuna.

Dalili kuwa shi ne adadin yana bin yadda aka karanta jinom ɗin. Amphimedon kaɗai ya ishe mu misali: karatun 2010 ya ba shi ƙwayoyin gado kusan 30,000, da aka sake karatu a 2015 suka haura 40,000. Dabbar ba ta sauya ba. A wasu jinom ɗin kuma kwafin uwa da na uba suna fitowa kamar ƙwayoyin gado biyu daban, ko ƙwaya ɗaya ta tsage biyu. Saboda haka na tsayar da doka: furotin mafi tsawo ɗaya daga kowace ƙwayar gado, sannan a auna cikar kowane jinom da manhajar BUSCO kafin a yarda da kalmar "babu" daga gare shi. Kinas 705 da rahoton 2010 ya ba Amphimedon su ne ma'aunina. Idan nawa suka yi nesa da su, sai na san dalili.

9 ga Fabrairu, 2025

Matsalar da ta cinye waɗannan makonni ita ce ta mallaka. Wannan enzayim na soso ne, ko na baƙin da ke cikinsa?

A wasu nau'o'in, bakteriya kan kai kashi ɗaya cikin uku na nauyin jikin soso. Idan aka niƙa jikinsa aka fitar da DNA, nasu da nasa a cakuɗe suke fitowa. Su ma bakteriya suna da kinas na serin da tiriyonin masu siffa irin tamu, kuma PF00069 ba ya tambayar kowa asalinsa, kamowa kawai yake yi.

Labarin Theonella swinhoei ya isa ya sa mutum taka-tsantsan. Daga wannan soso na tekun Japan aka samo politiyonamid, guba mai amino asid 48 da ke huda tantanin sel. Da yawa daga amino asid ɗinta a juye suke, siffar da ribosom ba ya amfani da ita, shi ya sa aka daɗe ana zaton ba ribosom ne ya ƙera ta ba. A 2012 tawagar Jörn Piel ta nuna cewa ribosom ne ya ƙera ta sarai, sai enzayimomi suka bi ta da gyara daga baya. Bakwai ne kacal suke yin gyara kusan 50, kuma ɗaya daga cikinsu, PoyD, shi kaɗai yake juya amino asid 18. Ban san wani gyaran furotin da ya kai wannan ban mamaki a jikin soso ba. Sai dai ba sosan ke yi ba. Wata bakteriya ce mai siffar zare, Entotheonella, kamar yadda aka tabbatar a 2014.

Tacewar da nake yi hawa uku ce. Ina duba ko ƙwayar gadon tana da intiron, wato guntayen da ake yankewa kafin a ƙera furotin, waɗanda na bakteriya galibi ba su da su, ina duba maƙwabtanta a kan guntun DNA ɗin da take, ina kuma duba wa ta fi kama da shi a rumbun bayanai. Wadda ba ta da intiron, maƙwabtanta duk na bakteriya, ta fita. Wadda ta yi kama da ta bakteriya amma tana zaune tsakanin ƙwayoyin gadon dabba, ba na jefar da ita, ina ware ta gefe. An ga irin haka a 2011 a soson Astrosclera willeyana: wata ƙwayar gado da ke da hannu a ginin ƙashinsa daga bakteriya ta ƙauro, ta zama tasa ta dindindin.

Amphimedon ya yi mini sauƙi a nan, don yana cikin masu ƙarancin baƙi.

2 ga Maris, 2025

Kinas na tirosin. An daɗe ana ɗaukarsu alamar dabba, tunda yis ba shi da su, kuma da su sel-sel ɗinmu suke jin saƙon girma da rabuwa. Jinom ɗin Monosiga ya rushe wannan a 2008. Halitta mai sel ɗaya tal, amma Gerard Manning da abokan aikinsa suka ƙirga mata kinas na tirosin 128, sun fi na mutum. Capsaspora ma aka same ta da 103 a 2012. To in yawa ne hujja, da Monosiga ta fi mu zama dabba.

Na raba nawa da alamar da ke tsakiyar sashen kinas, ɗan gajeren jerin amino asid, kowane harafi na tsaye wa guda ɗaya. Na tirosin galibi HRDLAARN suke ɗauke da shi, dangin Src kuma HRDLRAAN, yayin da na serin da tiriyonin suka fi zuwa da HRDLKPEN. Daga nan aka jera su da manhajar MAFFT, aka gina bishiyar dangantakarsu da manhajar IQ-TREE.

Bishiyar ta bi abin da aka riga aka sani, kuma fuska biyu gare ta. Kinas ɗin da ke yawo a cikin sel, irin su Src da Csk da Abl da Tec, suna haɗuwa rukuni-rukuni tun daga Monosiga har mutum, ba gardama. Masu karɓar saƙo a bakin tantani kuwa kowa nasa ya yi. Na Monosiga sun taru waje ɗaya, na Capsaspora waje ɗaya, ba su shiga dangin na dabbobi ba. A soso ne aka fara ganin fuskokin da muka sani. Rahoton 2010 ya ce Amphimedon na da masu karɓar saƙo sama da 150, kuma a cikinsu akwai dangi shida na dabbobi: EGFR, Met, DDR, ROR, Eph da Sevenless.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne ɓangaren da ke leƙowa waje. EGFR na soso ya yi kama da namu ciki da waje. DDR ɗinsa kuwa cikinsa na DDR ne, amma wajensa sassan imunogulobulin ne, ba abin da namu ke ɗauke da shi ba. Wato injin ya daɗe da samuwa, abin da yake saurara ne bai tsaya ba. Tun shekarun 1990 Werner Müller na Mainz ya ciro mai karɓar saƙo mai sassan imunogulobulin daga soson Geodia cydonium, lokacin ba wanda ke da jinom ɗin soso ko ɗaya. Na ƙara girmama wannan aiki bayan na ga wahalar abin ko da jinom a hannu.

Gindin bishiyar dai ba shi da ƙwari. Amino asid 250 zuwa 300 ba su isa su riƙe tarihin shekara miliyan ɗaruruwa ba, kuma rassan da suka yi saurin sauyawa suna jan juna su zauna tare ko da ba dangi ba ne. Rukunan da ke can sama na yarda da su. Yadda suka haɗu a ƙasa, ban sa hannu ba.

5 ga Maris, 2025

Gajeren aiki: duba wurare uku da kinas ba ya aiki sai da su, laisin na VAIK, aspatet na HRD, da aspatet na DFG. A mutum kusan kashi 10 cikin 100 na kinas sun rasa ɗaya daga ciki. Duk wanda ya rasa a jerin soso na sa masa alama, ban goge shi ba. HER3 namu, ɗan dangin EGFR, da kyar yake manna fosfet, amma ba wanda zai ce ba shi da amfani.

27 ga Maris, 2025

Wannan ne shigarwar da nake ganin za ta zama ƙashin bayan aikin.

Src yana da birki. A kusa da ƙarshen wutsiyarsa akwai tirosin, na 527 a lissafin na kaza. Idan Csk ya manna mata fosfet, sai wutsiyar ta lanƙwaso ta shige sashen SH2 na Src ɗin kansa, wanda ke kama tirosin mai fosfet, furotin ya dunƙule ya yi shiru. Src ɗin da ke cikin bairos ɗin da Peyton Rous ya gano a 1911 ya rasa wannan tirosin, shi ya sa ba ya tsayawa, yake haddasa ciwon daji a kaji. A kan wannan furotin ne Tony Hunter da Bart Sefton suka nuna a 1980 cewa tirosin yake manna wa fosfet.

Monosiga tana da Src, tana da Csk, wutsiyar tana nan da tirosin ɗinta. A kan allo komai ya cika. Amma a 2006 masu bincike a Japan suka gwada Src da Csk na Monosiga ovata da na soson Ephydatia fluviatilis. Na soso ya yi shiru da Csk ya taɓa shi. Na Monosiga ya karɓi fosfet ɗin amma bai daina aiki sosai ba. Ɗakin gwajin Todd Miller a Stony Brook ya ga kusan haka a Monosiga brevicollis, kuma a 2012 suka ba da rahoton cewa ba su auno wa Csk na Capsaspora wani aiki ba. Fassarar da ta biyo baya mai daɗin ji ce: sel mai zaman kansa ba ya asarar komai in Src ɗinsa ya cika kuzari, amma jikin da sel dubbai suka haɗu suka gina ba zai ɗore ba sai kowa ya iya tsayawa in an ce tsaya.

Ba a rufe maganar ba. A 2017 wata tawaga a Jami'ar Washington ta yi gwajin a cikin yis, ta ce birkin yana kamawa tun kafin dabbobi. Yanayin gwajin ya bambanta, sakamakon ya bambanta. Ni dai na fi karkata ga cewa birkin tsoho ne, ƙarfin kamunsa ne ya ƙaru sannu a hankali, amma wannan ra'ayi ne.

Abin da ya shafi aikina kai tsaye shi ne cewa teburin "akwai" da "babu" makaho ne ga wannan bambanci gaba ɗaya. Monosiga da soso za su sami alama iri ɗaya a layin Src da layin Csk. Saboda haka na ƙara ginshiƙai. Ga kowane Src ina rubuta amino asid ɗin da ke biye da tirosin na wutsiya, da tsarin mahaɗin da ke tsakanin SH2 da sashen kinas, inda wani sashen nasa, SH3, ke riƙewa. Jeri ba zai faɗi ƙarfin birki ba, amma zai nuna wa mai ɗakin gwaji inda zai fara taɓawa.

18 ga Afrilu, 2025

Fosfatas ba su ba ni wahala ba. Na tirosin ana gane su da HCxxGxxR. Wendell Lim da Tony Pawson sun yi bayani a 2010 cewa masu gogewa, wato fosfatas, da masu karantawa, wato SH2, sun riga mai rubutawa, wato kinas, zuwa: yis yana da 'yan fosfatas na tirosin da furotin ɗaya mai SH2, amma ba shi da kinas na tirosin na ainihi.

PP1 da PP2A, fosfatas na serin da tiriyonin, su ne suka tsayar da ni, ba don jerinsu ba. Jerin kusan ba ya motsi. Alamomin da ke riƙe ƙarfe a wurin aiki, GDxHG da GDxVDRG da GNHE, suna nan a soso kamar yadda suke a mutum. Abin tambaya shi ne, biyu daga cikin gubobin da masana ke amfani da su don toshe waɗannan enzayimomi a ɗakin gwaji daga soso aka fara samo su. Okadayik asid an ciro shi daga Halichondria okadai a 1981, kalikulin A kuma daga Discodermia calyx a 1986. Ta yaya dabba za ta ajiye gubar da ke kashe fosfatas a jikinta, alhali ita ma da fosfatas take rayuwa?

Amsoshin da aka samu ba a cikin fosfatas ɗin suke ba. Okadayik asid ba sosan ke haɗa shi ba, ƙananan halittun ruwa ne irin su Prorocentrum da Dinophysis, kuma an sami wani furotin a jikin Halichondria, OABP2, da ke kama gubar ya riƙe. Na kalikulin ya fi burge ni. Entotheonella ce ke haɗa shi, sai wani enzayim nata, CalQ, ya ƙara masa fosfet, ya zama fosfokalikulin mai raunin dafi. A haka ake ajiye shi. Da zarar wani abu ya yagi jikin sosan, sai fosfatas ya cire fosfet ɗin, guba ta farka nan take. Toshiyuki Wakimoto da abokan aikinsa suka bayyana wannan a 2014. Gubar da ke toshe fosfatas, ita ma da mannawa da cire fosfet ake sarrafa ta.

Waɗannan nau'o'i biyu ba sa cikin jerina, don haka iyakacin abin da zan yi shi ne in nemi dangin OABP2 a cikin biyar ɗin da nake da su.

11 ga Mayu, 2025

Na ratse zuwa masu datse furotin saboda silikatin.

Yawancin Demospongiae suna da ƙashi na tsinkayen silika. A tsakiyar kowane tsinke akwai zaren furotin. A 1998 Katsuhiko Shimizu da Daniel Morse da abokan aikinsu a Santa Barbara suka karanta jerin babban furotin ɗin zaren daga soson Tethya aurantia, sai ga shi ɗan gidan katefsin L, enzayim ɗin da ke narkar da furotin a cikin laisosom, jakar niƙa ta sel. Katefsin L yana aiki da amino asid uku, sisteyin da histidin da asparajin. A silikatin, serin ya maye gurbin sisteyin. Sauran biyun suna nan. Enzayim mai datse furotin ya koma mai haɗa silika.

Kama da wane ba ta wane, kuma HMMER bai san haka ba. Duk silikatin ya zuba mini su cikin masu datsewa, sai da hannu na tsame su ta hanyar duba wannan gurbi ɗaya. A bishiya suna fitowa daga cikin dangin katefsin L, kuma a Ephydatia kwafinsu da yawa. A Aphrocallistes ba su fito ba, daidai da abin da masu jinom ɗin suka faɗa a 2023. Soson gilashi, wanda ya fi kowa gini da silika, da wasu furotin dabam yake yi, irin su gilasin da aka gano a Euplectella a 2015. Sycon kuwa tsinkayensa na kalsiyam kabonet ne, ba ruwansa da wannan hanya.

Na buɗe sabon rukuni a teburin: enzayimomin da jerinsu ke cewa abu ɗaya, aikinsu na yin wani. Silikatin ne na farko a ciki. Ina zaton wasu daga cikin kinas ɗin da na sa wa alama a watan Maris can za su ƙare.

1 ga Yuni, 2025

Ba a lissafin "an samu a nan, an rasa a can" sai an san wane reshe ne ya fara ballewa daga dabbobi, kuma a nan masana ba su daidaita ba. Tun 2008, da Casey Dunn da abokan aikinsa suka sa tinofo, wato dangin Mnemiopsis, a gindin bishiya, ake kai ruwa rana. Wasu bincike na 2015 da 2017 sun mayar da soso gindi. Na Darrin Schultz a 2023, wanda ya bi yadda ƙwayoyin gado suke zaune tare a kan kuromosom, ya goyi bayan tinofo.

Ba ni da abin da zan ƙara a wannan muhawara, don haka kowane lissafi sau biyu nake yinsa, ɗaya da kowace bishiya. Ga Src da Csk da Abl ba abin da ya sauya, sun girmi rassan biyu. Masu karɓar saƙon TGF-beta ma haka: soso na da su, Mnemiopsis na da su, Monosiga ba ta da su, ko ta ina aka bi a kan kakan dabbobi suke faɗawa. Inda bambanci ke fitowa shi ne dangin da soso ke da su amma tinofo ba shi da su. A bishiya ɗaya tinofo ya yar da su, a ɗayar bai taɓa mallakarsu ba. Ga waɗannan, Mnemiopsis kaɗai bai isa shaida ba, sai na ƙara Pleurobrachia da Hormiphora.

20 ga Yuni, 2025

An fara yubikwitin. E1 da E2, enzayimomin da ke ɗauko shi su miƙa shi gaba, ba su da yawa, an gama da su. E3, masu rataya shi ga furotin ɗin da ya dace, su ne tulin, a mutum sun haura 600. Na fara da masu sashen HECT, tunda su 28 ne kawai a mutum kuma PF00632 yana kamo su da tsafta. Masu sashen RING za su jira, sashen gajere ne ƙwarai, bishiyarsa ba za ta tsaya da ƙafarta ba.

Ɗaya kawai zan tsame daga cikinsu tun yanzu, shi ne Cbl. Shi ke gane mai karɓar saƙon da aka manna wa fosfet a tirosin, ya rataya masa yubikwitin, a janye shi daga tantani a kai shi laisosom. Tambayar da na yi wa Csk ita zan yi masa. A EGFR na mutum, tirosin na 1045 ne mazaunin Cbl. Wutsiyoyin masu karɓar saƙo ba sa jeruwa da kyau tsakanin dabbobi masu nisa, don haka jerantawa ba za ta yi ba. Zan ciro wutsiyar EGFR da ta Met daga nau'o'in soso biyar ɗin, in bi kowace tirosin ɗaya bayan ɗaya ina duba amino asid ɗin da ke kewaye da ita. Na Amphimedon da Ephydatia suna hannu. Na Oscarella a gutsure ya fito, sai na koma kan DNA ɗin kansa na nemo ragowar.